Marigayi Alhaji Audu Baƙo: Gwamnan Da Ya Tsare Mana Ruwan Kogin Kano

An haifi marigayi Alhaji Audu Baƙo a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya yi karatu a Kaduna da kuma makarantar Midil ta Zariya, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1942, ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai muƙamin Kwamishina. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a watan Mayun 1967, sai ya naɗa shi gwamnan farko na Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Jigawa ta yau.

Iyayenmu a ƙasar Bunkure sun san yadda Kogin Kano yake kafin zuwansa. Da damina yakan cika ya tumbatsa, ya raba ƙauyuka da kasuwa. Da rani kuwa sai rairayi, matasa kuma su watse cin rani. Marigayin ya fahimci cewa arzikin Kano yana cikin ruwan da ke wucewa a banza. Ya fara da madatsar Bagauda, sannan ya gina ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga Tiga aka jawo babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa, aka kafa shirin noman rani wanda zangonsa na farko aka tsara shi a kan hekta 22,000 a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafa, alkama da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan duk albarkar wannan aiki ne. Sai dai mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun ɗanɗana kuɗarsu, domin ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu.

Ya bar mulki a watan Yulin 1975, bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala Muhammad, ya rasu a 1980. Sakatariyar jiha, gidan namun daji na Kano da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta suna ɗauke da sunansa.

Shekara takwas bayan rasuwarsa, a watan Agustan 1988, madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki, sai da aka sake gina ta. Wannan ishara ce gare mu mazauna birane: aikin da ba a kula da shi, komai ƙarfinsa, wata rana zai rushe. Yashe hanyoyin ruwa da gyaran ƙananan gadojin da ke kansu suna buƙatar muryarmu a gaban hukuma da kuma gudunmawarmu ga ƙungiyoyin manoma, domin da kuɗin shinkafar nan aka biya wa da yawanmu makaranta.

Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.