William Halsted da Asalin Safar Hannu a Ɗakin Tiyata

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa, ko a babban asibiti irin na Funtuwa da Malumfashi ko a ɗakin shan magani na gari kamar Karfi, ya san yadda hankali kan kwanta idan ma'aikaci ya zura safar hannu. Sai dai tarihin mutumin da ya shigo da ita ɗakin tiyata yana nuna cewa tun asali ba domin majiyyaci aka yi ta ba.

An haifi William Halsted a birnin New York na Amurka a 1852. Bayan ya kammala karatun likita a 1877, ya tafi Austiriya da Jamus ya ƙaro sani, ya dawo yana cikin haziƙan likitocin fiɗa na zamaninsa. A 1884 ya shiga gwada hodar iblis a jikinsa domin gano yadda za ta kashe zafin aiki, ita kuwa ta kama shi. Da aka nemi raba shi da ita sai ya koma kan mofin, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a Baltimore a 1889, shi aka damƙa wa sashen tiyata. A wancan lokaci ana tsoma hannu ne cikin magunguna masu kaifi kafin aiki, har suka ɓata fatar shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, Caroline Hampton. Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar roba marar kauri, a 1890 kuma ya aure ta. Wato dai hannun ma'aikaciya aka nufi tsarewa. Sai da almajirinsa Joseph Bloodgood ya mayar da safar ƙa'ida, ya kuma nuna a 1899 cewa ruɓewar rauni bayan aikin gwaiwa ta kusa ɓacewa, sannan aka gane amfaninta ga wanda ke kwance. Shi kansa maigidan ya jima bai rungume ta ba.

Abin da ya kamata masu horar da ma'aikatanmu su riƙe a nan shi ne, a ɗakin Halsted sai an goge hannu tas ake sa safa, ita ma an tsarkake ta, domin aiki guda. Safar da aka canja wa wannan bandeji da ita, aka ɗauki biro da waya, aka wuce gado na gaba, jigilar ƙwayoyin cuta kawai take yi, kuma a ganina ta fi hannu tsirara haɗari, tunda mai ita ba ya jin ƙazantar da za ta tura shi wurin ruwa da sabulu. Ga ƙananan huji da ido ba ya gani, ga gurɓatar yatsu wajen cirewa. Shi ya sa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta wajabta tsaftace hannu kafin sa ta da bayan cire ta.

Halsted ya rasu a Baltimore ranar 7 ga Satumba, 1922, sakamakon cutar da ta biyo bayan tiyatar da aka yi masa a magudanar matsarmama. Caroline ta bi shi a watan Nuwamba na wannan shekarar.