Sister Rosetta Tharpe: Matar da Ta Fito da Jita Daga Majami'a

Har yau akwai dattawa a ikkilisiyoyinmu na Pantami da sauran unguwannin Gombe da suke ɗaure fuska idan matasa suka jona jita da lantarki a lokacin sujada, domin a ganinsu kayan otal ne aka shigo da shi gidan Ubangiji. Damuwarsu ba ta rasa tushe ba. Amma tarihi ya nuna cewa wani babban sashe na wannan kiɗa daga majami'a ya fita, kuma mace ce ta fita da shi.

An haifi Rosetta Nubin ranar 20 ga Maris, 1915, a Cotton Plant, wani ƙaramin gari na manoman auduga a jihar Arkansas ta Amurka. Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, mai bishara ce a ikkilisiyar Church of God in Christ, wadda take ba mata damar koyarwa, take kuma maraba da kayan kiɗa a sujada. Tun tana ƴar shekara 6 Rosetta take bin uwarta tarurrukan farkaswa, tana waƙa tana kaɗa jita. Daga baya suka koma birnin Chicago. A 1934 ta auri wani mai wa'azi. Auren bai daɗe ba, amma daga sunan mijin ta samo Tharpe.

A 1938 ta je New York, kamfanin Decca ya buga mata faifai, ta kuma yi waƙa a babban zauren Carnegie a watan Disamba. A nan rigima ta soma. Ta riƙa rera waƙoƙin ruhaniya a gidan rawa na Cotton Club, inda ake shan barasa, sannan a 1941 ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Lucky Millinder, ta rera har da waƙoƙin da ba su dace da bakin mai bi ba. Masu bi da yawa suka juya mata baya. A ganina ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, gama wasu daga cikin waƙoƙin nan ba abin karewa ba ne. Ita ma bayan ƴan shekaru ta bar ƙungiyar, ta mai da ƙarfinta ga waƙoƙin bishara.

Abin da ya bambanta ta shi ne hannunta. A zamanin da yawancin masu jita suke raka murya kawai, ita tana tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya da sauri, jitar tana amsa mata kamar yadda zumuntar mata take amsa wa mai ba da waƙa. Da ta koma jitar lantarki, sai ta ƙara mata ƙarfi har sautin ya yi kaushi. Faifanta na 1944, Strange Things Happening Every Day, ya kai matsayi na 2 a jerin faya-fayan baƙar fata na mujallar Billboard a 1945, kuma masana da dama suna lissafa shi cikin tushen kiɗan rock and roll. Elvis Presley da Chuck Berry da Johnny Cash duk sun sha daga wannan rijiya. Little Richard kuwa yana yaro ta kira shi dandamali a garin Macon.

A 1951 mutane fiye da 20,000 suka biya kuɗi don ganin ɗaurin aurenta na uku a filin wasa na Griffith a Washington, abin da ya ƙara wa masu suka abin faɗa. Bayan haka tauraronta ya dushe a gida, yayin da samarin da suka kwaikwaye ta suke tara dukiya. Turai ce ta sake karɓarta. A watan Mayun 1964 ta yi wasa a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester ta Ingila, bayan ruwan sama, sanye da doguwar kwat, aka nuna a talabijin.

Ciwon sukari ya sa aka yanke mata ƙafa ɗaya, duk da haka ba ta daina waƙa ba. Ta rasu a Philadelphia ranar 9 ga Oktoba, 1973, tana da shekara 58. Kabarinta ya yi fiye da shekara 30 ba dutsen da ke ɗauke da sunanta, sai da aka yi gangamin tara kuɗi a 2008. A 2018 aka shigar da ita zauren girmama gwanayen rock and roll da ke Cleveland.