Alhaji Umaru na Salaga, Malamin da Karatu Bai Zube Masa Ba

 

Bana da aka ce ajinmu ya kawo tarihin wani bawan Allah, jarrabawa ce a gabanmu, kowa yana fama da littafi har tsakar dare. Damuwarmu ɗaya ce. Mu haddace abu daren Talata, mu zuba shi a takarda ranar Laraba, ran Juma'a a tambaye mu, wallahi sai mu kama kallon juna. Shi ya sa muka zaɓi mutumin da ya koyar a garin nan namu, wanda abin da ya shiga kansa yana yaro bai fita ba har tsufa.

Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda ake kira Umaru Salaga ko Umaru Karachi. An haife shi a Kano wajen 1858. Mahaifinsa Bakabe ne, falke mai fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gonja. Ya yi karatun allo a Kano, ya ƙara ilimi a wajejen Kabi da Sakkwato, kuma tafiye-tafiyen fatauci ba su raba shi da littafi ba. Hanyar ayari a lokacin tana bi ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi kafin Salaga, tafiyar watanni. 'Yan ajinmu na Yendi sun ji daɗin wannan. Na Bawku kuwa da ke kukan nisan mota sai suka yi shiru.

A 1877, bai fi shekara ashirin ba, ya rubuta littafinsa na farko da Larabci, kan yadda ake tsara wasiƙa. Daga baya ya zauna a Salaga yana karantarwa. Yaƙin sarauta na 1892 ya watsa garin da kasuwarsa, shi ma bayan 'yan shekaru ya bi jama'a zuwa Kete-Karachi. Labarin da ake bayarwa shi ne an yi jayayyar limanci tsakaninsa da wani malami, sai Baturen Jamus mai mulkin wurin ya ce a gwada su da karatun littafin Larabci. Umaru ya rinjaya, ya zama liman. To ashe shi ma ya zauna jarrabawa, kuma irin wadda ba a sanar da ranarta balle a kwana ana bita.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya zo bayan nan. Wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906, ya yi karatu wurinsa, ya kuma roƙe shi ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa. Alhaji Umaru yana zaune a bakin kogin Volta, nesa da gida, ya ɗauki alƙalami ya rubuta da ajami: tarihin sarakuna da garuruwa, sana'o'i, noma, aure, yadda ake sa yaro makaranta. Har yau masu bincike a jami'o'i suna dogara da waɗannan takardu don sanin Hausa ta wancan zamani. Mu kuwa darasin zangon karatun da ya wuce ma sai an tuna mana.

Mun tambayi kanmu daga ina wannan ƙarfi ya fito. Wani ɓangare baiwa ce, ba mu musa ba. Amma hanyar da aka rene shi da ita tana nan a makarantarmu, mu ne muke raina ta. Yaron allo yana rubuta darasi da hannunsa, ya biya da murya, ya maimaita da asuba da dare, kuma ba ya wanke allo sai ya kawo shi da ka a gaban malam. Bayan ya wanke, tsohon karatu bai tafi hutu ba, yana dawowa cikin tilawa. Kaɗan kaɗan ne, kullum, kuma ana rufe rubutun a gwada kai. Mu muna buɗe littafi mu yi ta kallo, idan shafi ya zama sananne a ido sai mu ɗauka mun iya.

Sai waƙe. Malamai sun daɗe da sanin cewa abin da ke da ma'auni da amsa-amo ya fi zama a ka, shi ya sa nahawu da fiƙihu da yawa suke a baitoci. Alhaji Umaru ya yi haka da abin da ya gani da idonsa. Ya waƙe zuwan Nasara da Larabci da Hausa yana jera garuruwan da suka ci, ya yi Waƙar Talauci da Wadata, ya waƙe annobar mura ta 1918. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mashahurin mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa. Wanda ya taɓa gwada fassara baiti ɗaya ya sani: kalmar da ba ka gane ba, a nan take tona maka asiri. Mun gwada da darasin nahawu, kowa ya bayyana wa na kusa da shi da Hausa ko Dagbanci, littafi a rufe. Ranar farko an sha kunya ƙwarai.

Ya tafi aikin hajji wajen 1913, ya dawo ya ci gaba da karantarwa a Kete-Karachi, ɗalibai suna zuwa masa daga zanguna na nesa. A can ya rasu a 1934. Tsohon garin ma ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.