Sarauniya Amina, Mai Ginin Ganuwa

In aka ambaci Sarauniya Amina ta Zazzau, doki da takobi ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Da takobi a hannu ma aka yi mutum-mutuminta a babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Legas. To, takobi dai ya tafi da mai shi. Abin da ya saura ido yana gani shi ne gini, kuma a kansa nake so mu tsaya, 'yan uwana mata.

A labarin Zazzagawa, Amina 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarautar Zazzau wajen 1536. Turunku gari ne a gindin duwatsu kudu da Zariya, yau yana cikin Ƙaramar Hukumar Igabi. Ana cewa sunan ƙanwarta, Zariya, aka sa wa birnin. Amina ta yi jagorar mayaƙa a zamanin ƙanenta Karama, ta karɓi mulki bayan rasuwarsa, wajen 1576. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya kai ta can baya, zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce shekara 34 ta yi tana cin garuruwa har Nufe da Kwararrafa. Malaman tarihi suna nan suna ja-in-ja a kan shekarun.

Duk inda ta yada zango, in ji masu ba da labari, sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa. Shi ya sa a wurare da dama na ƙasar Hausa in an ga tsohuwar katangar gari sai a ce ganuwar Amina, ko ita ta gina ko ba ita ba. Ba ita ta ƙago ganuwa ba fa. Badalarmu ta Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 ke nan. Amma ita ce ta yawaita abin har sunanta ya manne masa.

Duk wadda ta taɓa tsayawa a kan magina ana ta da mata ɗaki ɗaya ta san ba wasa ba ne. Balle a kewaye gari! Sai an fara zaɓen inda katanga za ta bi, kuma ba a matse ta jikin gidaje. Ana barin fili mai faɗi a ciki, da gonaki da rijiyoyi da wurin kiwo, don ko abokan gaba sun yi wata da watanni a waje, na ciki ba za su mutu da yunwa ba. Wannan ai lissafin uwar gida ne, mai auna hatsi ta san ranar da rumbu zai ƙare. Sannan a haƙa jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya ya bushe, a jera. Gindi ya yi kauri, sama ta tsuke. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi zai zama gwalalo a waje, a bar sarƙaƙiya ta cika shi, doki ba ya ƙetarewa. Da rani ake wannan aiki, bayan an kai amfanin gona gida, kuma in damina ta zaizaye sai an sake yaɓe.

Kada mu yi wa labarin kwalliya da yawa. Garuruwan nan da yaƙi aka ci su, kuma masu ɗaukar ƙasa da jan ruwa talakawa ne da bayi, ba su suka zaɓi aikin ba. Sunan Amina aka riƙe, nasu ya ɓace.

Ni a matsayina ta 'yar kasuwa, abin da ya fi jan hankalina shi ne amfanin ganuwa ga fatake. Ayari ya kwaso tafiya da jakuna da kaya, yana bukatar inda zai shiga kafin magariba, a rufe ƙofa, ya yi barci ba fargabar mahara. In akwai irin waɗannan garuruwa a jere, hanya ta buɗe ke nan. Littafin nan na Kano ya ce Sarkin Nufe ya aiko wa Amina bābānni 40 da goro 10,000, wato ƙwarya 100 a lissafin 'yan goro, kuma a zamaninta ne kayan yamma suka riƙa shigowa ƙasar Hausa. Yau ƙwarya 100 ba ta cika lungu ɗaya a kasuwar goro ta Mariri, amma a lokacin kyautar sarki ce sukutum.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu, wurin da ake dangantawa da yankin Idah a Jihar Kogi ta yau. Nesa da gida ƙwarai.

An sa sunanta a makarantar 'yan mata a Kaduna, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello. Ganuwar Zariya kuwa, wadda ake jingina mata, ƙofofinta suna nan da sunayensu: Doka, Kuyambana, Gayan, Kibo da sauransu. Tsakanin wata ƙofa da wata, ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, a wasu wuraren ma gidaje ne a kan inda katangar take a dā. Duk wadda ke bi ta gefen badala a nan Kano ta ga irinsa.