Masamune: Maƙerin Japan da sunansa ya fi takubbansa yawa

A tarihin ƙira na ƙasar Japan babu sunan da ya kai na Goro Nyudo Masamune daraja. Kusan shekara 700 bayan rasuwarsa, takubba da wuƙaƙe 9 na ƙirarsa suna cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin ƙasar ta ba matsayi mafi girma, wato dukiyar ƙasa, kuma babbar lambar yabon da ake ba maƙeran takobi na wannan zamani sunansa take ɗauke da shi. Amma mutumin da ake yi wa wannan girmamawa da wuya yake rubuta sunansa a jikin abin da ya ƙera. Daga nan ne aka samu rikicin da ya bi sunansa ƙarni bayan ƙarni, wanda har yau yake jiran duk mai shirin zuba kuɗi a kan tsohon takobin Japan.

Masana sun fi sanya rayuwar Masamune tsakanin wajejen 1264 da 1343. Ya yi aikinsa a Kamakura, cikin lardin Sagami, kudu da inda birnin Tokyo yake a yau. A wancan zamani Kamakura ce fadar mulkin soja. Sarkin Japan yana zaune a Kyoto, amma ainihin iko yana hannun gidan Hojo, masu riƙon ragama a madadin babban sarkin yaƙi da ake kira Shogun. Garin mayaƙa ba ya rabuwa da buƙatar makami, don haka mahukunta suka gayyato gwanayen maƙera daga Kyoto da lardin Bizen suka zaunar da su. Daga wannan haɗuwa aka samu Shintogo Kunimitsu, wanda ake ɗauka shi ne malamin Masamune.

Yana yaro rundunar Mongol ta kawo wa Japan farmaki ta teku a 1274, ta sake dawowa a 1281. Masana da dama suna danganta sauyin da aka gani a ƙirar takobi bayan haka da darasin waɗannan yaƙe-yaƙe, inda aka ga bukatar ƙarfen da zai yi kaifi ba tare da ya tsage ko ya karye ba. Matsalar tsohuwa ce, kowane maƙeri ya san ta: ƙarfe mai tauri yana riƙe kaifi amma yana da saurin karyewa, mai laushi kuwa yana jure duka amma yana lanƙwashewa.

Maƙeran Japan suna samun ƙarfensu ne daga baƙin yashi mai tama, wanda ake narkawa da gawayi a cikin murhun yumɓu. Sai a buga shi, a ninke, a sake bugawa sau da yawa har dattinsa ya fita. Kafin a tsoma takobin a ruwa, ana shafe jikinsa da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a wajen kaifi, domin bakin ya huce da sauri ya yi tauri, bayan kuma ya huce a hankali. Layin da ke raba wuraren biyu shi ne adon takobin, kuma a nan ake gane hannun gwani.

Abin da Masamune ya kai maƙura a kansa shi ne haɗa ƙarafa masu bambancin tauri a takobi guda, da tsoma shi a ruwa yana cikin zafi mai tsanani. Sakamakon shi ne wasu ƙwayoyi masu ƙyalli da ido ke iya gani a jikin ƙarfen, kamar an watsa garin azurfa, waɗanda Japanawa ke kira niye. Layin kaifinsa ba ya tafiya a miƙe kamar na malaminsa. Yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa, da zare-zare masu haske a cikinsa. Aiki ne mai haɗari, domin zafin da ke fitar da wannan ado shi ne kuma ke fasa takobi idan aka kuskure kaɗan. Wannan salo ya zama makaranta guda, makarantar Soshu, kuma aka riƙa lissafa wasu maƙera 10 a matsayin almajiransa, ko da yake binciken baya ya nuna zamanin wasunsu bai dace da nasa ba. Sadamune, wanda ake cewa ɗan riƙonsa ne, shi ya fi kusa da shi a hannu.

Gwamnatin Kamakura ta faɗi a 1333, yana cikin tsufa. Kabarin da ake danganta masa yana harabar wurin ibadar Honkakuji a garin, kuma har yanzu akwai wani gidan maƙera a Kamakura da ke cewa daga zuriyarsa ya fito.

Ainihin tashen sunansa bayan mutuwarsa ya zo. A ƙarshen ƙarni na 16, lokacin Toyotomi Hideyoshi, takobi mai suna ya zama kyautar da shugaba ke yi wa jarumansa, a wani lokaci ma a madadin fili. Sai dai yawancin dogayen takubban Masamune an riga an rage musu tsawo domin su dace da sabon yayin soke takobi a ɗamara, kuma daga gindi ake yankewa, wato ɓangaren da ke shiga cikin ƙota, inda maƙeri kan rubuta sunansa. Ko da akwai sa hannu, ya tafi tare da guntun da aka yar. Waɗanda suka rage da sunansa 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu gajerun wuƙaƙe, kamar wadda ake kira Fudo Masamune da ke gidan tarihin Tokugawa a Nagoya.

To wa zai ce wannan na Masamune ne, wancan ba nasa ba? Wannan hukunci ya koma hannun gidan Hon'ami, masu wasa takubba da tantance su ga mahukunta. Su ne ke duba ƙarfe su faɗi maƙerinsa, wani lokaci su rubuta sunan da zinariya a gindin takobin, su kuma ba da takardar shaida mai ɗauke da kimarsa. Takardar a ninke take, ana kiranta origami, kuma har yau idan Bajapane ya ce abu yana tare da origami, yana nufin ba a shakkar ingancinsa. A 1719 gidan ya tattara kundin shahararrun takubba bisa umarnin Shogun Tokugawa Yoshimune, inda aka ware Masamune da Awataguchi Yoshimitsu da Go Yoshihiro a matsayin manya uku. Tun da kowane babban gida yana son a ce yana da Masamune, kuma na gaskiya ba su isa ba, jabu ya cika taskoki. Ba duka masu tantancewa ba ne suka iya ce wa mai mulki a'a.

Shakka ta fito fili a 1896, shekara 20 bayan an haramta yawo da takobi a Japan. Wani masanin takubba, Imamura Choga, ya rubuta a jaridar Yomiuri cewa darajar Masamune ƙirƙira ce ta zamanin Hideyoshi, har muhawara ta kai ga tambayar ko an taɓa yin mutumin ma. Abin da ya kashe wannan zargi shi ne tsofaffin rubuce-rubuce, musamman wani kundin sunayen maƙera da aka kwafa a 1423, wanda ya ambace shi tun kafin a haifi Hideyoshi da fiye da ƙarni guda. Imamura ya yi kuskure a kan mutumin, amma ya yi gaskiya a kan kasuwar.

Mafi shahara a ayyukan da ake danganta masa shi ne Honjo Masamune, wanda ya samo sunansa daga jarumi Honjo Shigenaga da ya same shi a fagen fama. Daga baya ya zama gadon gidan Tokugawa, aka kuma ayyana shi dukiyar ƙasa a 1939. Bayan Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin mamaya suka ba da umarnin miƙa makamai. A watan Disambar 1945 Tokugawa Iemasa ya kai shi ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo tare da wasu takubba. An lalata takubba masu yawa a wannan lokaci, sojojin Amurka kuma suka tafi da wasu gida a matsayin tsaraba.

Wannan asara ce ta sa aka kafa ƙungiyar adana takubban fasaha ta Japan a 1948, wadda ta gaji aikin tantancewa, take ba da takardu masu matakai huɗu. Mai son mallakar tsohon takobi a Japan a yau dole ya riƙe katin rajistarsa daga hukumar ilimi ta lardi. Mai fita da shi waje sai ya samu shaidar hukumar al'adu, kuma wanda aka ayyana dukiyar ƙasa ba a sayar da shi waje. Masana kan gargaɗi sabon shiga da kada ya goge tsatsar gindin takobi, domin launinta na cikin abin da ake karanta shekarunsa da shi. Masu koyon wasan zare takobi kuwa galibi da kwaikwayo marar kaifi suke atisaye, wanda ake yi da gaurayen alminiyam.

Mai son ganin aikin Masamune da idonsa zai iya samun Kanze Masamune a gidan tarihin ƙasa na Tokyo. Honjo Masamune kuwa, tun da ya bar ofishin 'yan sandan Mejiro ba a sake ganin sa ba.