Dokta Abraham Jakobi (1830–1919): Baƙon da Ya Zama Jagoran Likitocin Amurka

Gabatarwa

Tarihin rayuwa wani reshe ne na rubutun zube wanda yake bayyana yadda mutum ya rayu, da abin da ya aikata, da kuma abin da ya bari bayan ransa. A wannan darasi za mu dubi rayuwar Abraham Jakobi, likitan da ya bar ƙasarsa ta Jamus bayan ya sha ɗauri, ya shiga Amurka hannu rabbana, amma kafin rasuwarsa sai da ya shugabanci babbar ƙungiyar likitocin ƙasar. Shi ne ake yi wa laƙabi da uban likitancin yara a Amurka.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Jakobi ranar 6 ga Mayu, 1830, a wani ƙauye mai suna Hartum da ke yankin Westfaliya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin masarautar Purushiya. Iyayensa Yahudawa ne marasa ƙarfi, mahaifinsa ɗan tireda ne. Duk da haka sun yi ta maza suka sa shi makarantar sakandare a garin Minden. Daga nan ya karanci likitanci a jami'o'i uku, wato Greifswald da Gottingen da Bon, inda ya sami digirinsa a 1851.

Zamanin ɗalibtarsa ya zo daidai da juyin juya halin 1848, lokacin da talakawa da ɗalibai a ƙasashen Turai da dama suka tashi neman 'yanci daga mulkin sarakuna. Jakobi ya shiga cikin masu wannan fafutika, ya kuma yi hulɗa da 'yan gurguzu. A 1851 hukuma ta kama shi a Balin, aka tsare shi fiye da shekara guda kafin a gurfanar da shi. Yana cikin waɗanda aka yi wa shahararriyar shari'ar nan ta 'yan gurguzu a birnin Kolon a 1852. Kotu ta wanke shi, amma sai aka sake ɗaure shi bisa laifin ɓatanci ga sarki. Bai shaƙi iskar 'yanci ba sai 1853.

Hijira Zuwa Amurka

Da fitowarsa ya gane cewa zaman Jamus ya ƙare masa. Ya tsallaka Ingila, inda ya sadu da Karl Marx a Landan da Friedrich Engels a Mancesta. Ya yi ƙoƙarin kafa aikin likita a can, abin bai yiwu ba. A cikin shekarar 1853 ɗin ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ya yada zango a birnin Niyok, ya buɗe ɗan ɗakin duba marasa lafiya a unguwar talakawa baƙin haure, waɗanda da yawansu Jamusawa ne irinsa.

Abin da ya tarar a unguwannin nan shi ya tsara masa alƙiblar rayuwa. Iyalai na zaune a cunkushe cikin ɗakunan haya marasa iska, ruwan sha ba tsabta, zawo kuwa yana kwashe jarirai a duk lokacin zafi. Madarar da ake sayarwa a birnin, wani kasonta daga shanun da ake ciyarwa da dusar gidajen giya take fitowa, ga kuma algus. A wancan zamani likitoci suna ɗaukar yaro tamkar babban mutum ne mai ƙaramin jiki, saboda haka rage yawan magani kawai suke yi. Jakobi ya tsaya a kan cewa jikin yaro yana da nasa tsarin, cututtukansa suna da tasu hanyar, don haka dole a karance su a matsayin fanni mai zaman kansa.

Koyarwa da Kafa Fanni

A 1860 Kwalejin Likitanci ta Niyok ta naɗa shi farfesan cututtukan yara, muƙamin da ba a taɓa yin irinsa a Amurka ba. Ya buɗe wurin duba yara kyauta, ya kuma riƙa kai ɗalibansa bakin gadon majinyaci su gani da idonsu, maimakon su dogara ga lacca kaɗai. Daga 1865 ya koyar a Jami'ar Birnin Niyok, sannan a 1870 ya koma kwalejin likitoci da ke da alaƙa da Kolombiya, inda ya zauna har 1902. A asibitin Mount Sinai ma shi ya kafa sashen yara. A 1868 shi da abokinsa Emil Noeggerath suka kafa mujallar da ta shafi haihuwa da cututtukan mata da yara.

Koyarwarsa a kan ciyar da jarirai mai sauƙi ce, amma ta ceci rayuka. Ya nuna cewa babu abin da ya kai nonon uwa. Idan kuwa ya zama dole a ba jariri madarar shanu, to a tafasa ta tukuna, a sirka ta da ruwan hatsi. Haka kuma ya yi suka mai zafi ga gidajen renon yaran da aka tsinta, domin yawan mace-macen da ake yi a cikinsu, ya ba da shawarar a riƙa damƙa irin waɗannan yara ga iyalai su rene su. Wannan magana ta jawo masa baƙin jinin masu gudanar da wani asibitin yara da yake aiki a ciki, har aka sallame shi a 1870. Sallamar ba ta sa ya janye ko kalma ɗaya ba.

Mashaƙo da Jarrabawar Gida

Cutar da ya fi ba lokacinsa ita ce mashaƙo, wadda take toshe maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara. Ita ce cutar da ta ɓarke a Kano da wasu jihohin arewacin Nijeriya a ƙarshen 2022 zuwa 2023. A 1880 ya wallafa babban littafi a kanta. Shekara uku bayan haka, a 1883, cutar ta shiga gidansa ta ɗauke ɗansa Ernst yana ɗan shekara bakwai. Mahaifiyar yaron, Mary Putnam Jakobi, wadda ya aura a 1873, ita ma fitacciyar likita ce da ta yi karatu a Faris. Iliminsu su biyu bai iya ceton yaron ba, domin a lokacin ba a samo maganin cutar ba.

Jakobi ya daɗe yana shakkar cewa ƙwayoyin cuta ne sanadin irin waɗannan cututtuka, ya fi dangana su ga ƙazanta da munin muhalli. A nan ya kuskure, domin a 1884 Friedrich Loeffler ya ware ƙwayar da ke haddasa mashaƙo. Sai dai da maganin kashe dafin cutar ya bayyana a shekarun 1890, kuma amfaninsa ya tabbata, Jakobi ya karɓe shi.

Shugabanci

Jakobi ya ɗauki darasi daga Rudolf Virchow, masanin Jamus da ya koyar da cewa talauci da cuta tare suke tafiya. Saboda haka yake ganin aikin likita bai tsaya ga ɗakin jinya ba, wajibi ne ya sa baki a kan gidaje da ruwa da makarantu da kuma sa yara aikin ƙarfi. Ƙungiyoyin likitoci su ne hanyar da ya bi don isar da wannan manufa. A 1880 ya jagoranci kafa sashen cututtukan yara a Ƙungiyar Likitocin Amurka. Ya shugabanci Cibiyar Nazarin Likitanci ta Niyok daga 1885 zuwa 1889, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar likitocin yara da aka kafa a 1888. Jamus da ta ɗaure shi ta dawo tana zawarcinsa da kujerar farfesa a Balin, ya ƙi, ya zaɓi zama a ƙasar da ta karɓe shi. A 1912, yana da shekara 82, ya hau kujerar shugaban Ƙungiyar Likitocin Amurka.

Rasuwarsa

A 1918 gobara ta cinye gidansa da ke gaɓar tafkin George, da ƙyar ya tsira da ransa, takardunsa da rubuce-rubucen da ya tara na shekaru suka ƙone. Ya rasu ranar 10 ga Yuli, 1919, yana da shekara 89. A 1955 aka buɗe wani babban asibitin gwamnati a unguwar Bronx ta birnin Niyok, aka raɗa masa sunansa.

Kammalawa

Rayuwar Jakobi ta nuna cewa baƙo kan zama alheri ga ƙasar da ta ba shi mafaka, kuma lafiyar yara ba a asibiti kaɗai ake kare ta ba, har da gida da kasuwa da zauren hukuma.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai ne suka sa Jakobi ya bar Jamus?
2. Kawo hanyoyi uku da ya bi wajen kafa fannin likitancin yara.
3. Tattauna matsayinsa game da ƙwayoyin cuta da yadda ya sauya.