Lucien Tesnière: Fursunan yaƙin da ya mayar da aikatau cibiyar jimla

An haifi Lucien Tesnière ranar 13 ga Mayun 1893 a garin Mont-Saint-Aignan da ke arewacin Faransa. Yana ɗalibi Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka ɗauke shi soja, kuma a 1915 Jamusawa suka kama shi. Ya shafe sama da shekara uku a sansanin fursunoni, inda ya duƙufa wajen koyon harsuna.

Bayan yaƙi ya koma karatu a ƙarƙashin fitaccen masanin harshe Antoine Meillet. Ya koyar a Ljubljana daga 1921 zuwa 1924, ya kuma yi binciken digirinsa na uku a kan harshen Sloveniya. Daga nan ya koyar a jami'ar Strasbourg, sannan ya koma Montpellier a 1937.

A wancan zamanin an saba raba jimla gida biyu: wanda ake magana a kansa da abin da ake faɗi game da shi. Tesnière bai yarda da wannan rabo ba. A ganinsa aikatau ne cibiyar jimla, sauran kalmomi kuwa rataye suke a jikinsa. Daga ilimin sinadarai ya aro tunanin cewa kowane aikatau yana da adadin guraben da dole a cike. Idan aka ce "Audu ya faɗi", gurbi ɗaya ya isa. "Audu ya sayi goro" na buƙatar biyu, "Audu ya ba Binta goro" kuma uku. Wanda ya tsaya a "Audu ya ba", jimlarsa ba ta cika ba.

Tesnière ya rasu ranar 6 ga Disambar 1954 bayan doguwar jinya, kafin babban littafinsa ya fito. Matarsa da abokansa, ciki har da Jean Fourquet, su suka tsaya har aka buga Éléments de syntaxe structurale a 1959. Amma shekara biyu kafin nan littafin Noam Chomsky ya riga ya janye hankalin masana a Amurka, kuma sai a 2015 aka fassara na Tesnière zuwa Turanci.

Duk da haka tunaninsa bai bi shi kabari ba. Nazarce-nazarcen nahawu da suka ginu a kan sharuɗɗa, kamar LFG na Joan Bresnan da Ronald Kaplan da HPSG na Carl Pollard da Ivan Sag, suna ɗaukar cewa kalma na zuwa da buƙatunta, kuma jimla ba ta inganta sai an cika su. Haka nan shirin Universal Dependencies, wanda ke tsara jimlolin harsuna sama da 100 domin kwamfuta, ciki har da Hausa, yana bin hanyar rataya kalma a jikin kalma da Tesnière ya shimfiɗa.